Tsakanin Kunu da Burukutu, Ina Iyakar Take?

 Akwai tambayar da ke yawo tsakanin matasanmu, har nan Rara: idan mutum ya ga bidiyon yadda ake haɗa giya da hatsi a intanet, ya ce zai gwada sau ɗaya a gida don ya ga yadda abin yake, ba don ya sha ba, mi ne laifinsa?

Bari mu fara da sanin abin. Mai burukutu yana jiƙa dawa, ya shimfiɗa ta har ta yi tsiro, ya shanya, ya niƙa, ya dafa, ya tace. Tsiron nan shi ke mayar da garin hatsi ya koma zaƙi. Har zuwa nan, bai yi abin da ya wuce na mai kunun zaƙi ba. Inda suka rabu shi ne mataki na ƙarshe: ita mai kunu tana rabawa a sha tun yana sabo, shi kuwa yana rufe tukunya ya jira kwana ɗaya ko biyu, har yis ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa.

Wanga al'amari ba sabo ba ne. A Sahihu Muslim, Abu Musal Ash'ari (RA), da aka tura shi Yaman, ya tambayi Annabi (SAW) game da mizru, abin shan da ake yi da dawa da sha'ir. Annabi bai tsaya kan hatsin ba, ya ɗaura hukuncin a kan maye. Shi kansa ana jiƙa masa zabibi yana sha, amma ba ya wuce yammacin rana ta uku, kamar yadda Ibn Abbas (RA) ya ruwaito. A zafin Wurno da Goronyo kuwa, jiƙo yana juyawa tun kafin hakan.

Saboda haka iyayenmu mata su kwantar da hankali. Tsamin fura ko na koko ba maye ba ne, kuma tsiro ba haram ba ne.

Amma mai gwaji, ni ina ganin hujjarsa ba ta tsayuwa. Da mi za ka san gwajinka ya yi kyau? Sai abin ya zama mai bugarwa. Ke nan nasarar da kake jira ita ce haram ɗin kanta. Kuma wa zai ɗanɗana ya tabbatar maka? Ko kai, ko wani da ka jawo. Shi ya sa hadisin Anas (RA) a Tirmizi ya ƙirga mutum 10 da aka la'anta kan giya, cikinsu har da mai tatso ta. Abu Ɗalha (RA) ma, da giyar marayu ke hannunsa, umarni aka ba shi ya zubar, duk da dukiyar marayu ce.

Son sani ba laifi ba ne. Karanta yadda yis ke aiki, ka fahimci hikimar Allah a cikinsa; da wannan ilmin ake yin burodi. Amma dawar da ka noma da guminka, kada ka rufe ta a tukunya kana jiran ta tafasa ba wuta.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu. Wallahu a'alam.