Hoton Hunturu: Ado ne ko Shaida?

Daga watan Nuwamba zuwa na Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, Gidan Amumune da sauran garuruwan gundumomin Mayahi da Tasawa sukan sake kama. Hazo yakan lulluɓe gari, rana ta fito fara fat kamar faifai har a iya duban ta ido da ido, gorubobin Gulbin Kaba su koma inuwa-inuwa, awon zafi kuma ya sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba. A da, a jika ake jin wannan yanayi, da baki ake ba da labarinsa. Yau kuwa, tun da wayar salula mai kyamara ta shiga aljihun samari, ɗaukar sa ake yi a hoto, a watsa ta WhatsApp da Facebook, ƴan ci-rani da ke Kano ko Legas su gani su tuna gida. Masu yi ba sana'a suka ɗauke shi ba, sha'awa ce kawai. To amma sha'awar ta zo da tambayar da ta cancanci nazari: shin ya dace mutum ya nemi kyau a cikin abin da yake azaba ga maƙwabcinsa?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Hazon da ke ƙawata hoto shi ne ke shiga ƙirjin tsoho ya hana shi barci don tari. Wutar karan da yara suka kewaye da sassafe tana ba hoto haske mai jan ido, alhali rashin bargo ne ya hura ta. Ɗalibin da ke zaune a ajin zana, iska na ratsa shi ta ko'ina, yatsunsa sun ƙage ya kasa riƙe alli, idan aka hango shi daga nesa sai ya zama abin sha'awa. Lokaci ne na faso da tsagewar leɓe, na mura da ciwon ido, kuma wajen ƙarshensa sanƙarau yakan sami ƙofa. Hausawa sun ce jiki magayi. Kyamara kuwa ba ta da jiki, ba ta jin ɗari.

Saboda haka wasu ke ganin a bar abin baki ɗaya. Sai dai barin ma yana da tasa illa, domin idon duniya baƙon abu yake bi. Ranar 19 ga Disamban 2016 dusar ƙanƙara ta zuba a kan jan rairayin Ain Safra ta ƙasar Aljeriya, garin da aka ruwaito rabonsa da irin haka tun Fabrairun 1979. Wani mai ɗaukar hoto don sha'awa, Karim Bouchetata, ya ɗauka, cikin ƴan kwanaki hotunansa suka zagaye duniya. Hunturun ƙasar Maraɗi kuwa kowace shekara yana zuwa, don haka ba mai tahowa kallon sa. Baƙi masu kyamara sukan zo ne idan masifa ta faɗa, kamar a 2005, lokacin da hotunan yara masu tamowa a Maraɗi suka cika talabijin na Turai. Gaskiya ne hotunan sun jawo agaji, amma sun bar wa jihar wata fuska guda a idon duniya, ta yunwa. Wanda bai nuna kansa ba, wani zai nuna shi yadda ya ga dama.

Ko tauraron ɗan'adam ba zai maye gurbin ɗan gari ba. Daga sama yana ganin ƙura tana tashi daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, tsohon gadon tafki da ya ƙafe, yana bin ta har wani sashe nata ya ƙetare tekun Atlantika. Amma bai san ranar da hazo ya hana direba ganin hanyar Mayahi ba, bai san wace gona iska ta kwashe wa ƙasa ba, wace kuma itatuwa suka tsare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne amsar tambayar take. Ganin kyau a cikin hazo ba laifi ba ne. Laifin shi ne ido ya tsaya ga kyan ya ƙi wucewa. Darajar hoton yanayi tana cikin zamansa shaida, kuma tarihin wannan jiha ya tabbatar da haka. Daga 1983 manoman Maraɗi suka soma sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana kula da shi maimakon a sare, bisa ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo. Shekaru da dama masana na waje ba su san girman abin ba, sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan shekara ta 2000. Daga nan aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Hotunan 1975 ba su da wani kyau, ba don ado aka ɗauke su ba. Abin da ya ba su nauyi shi ne an san wurin, an san lokacin.

Shaida kuwa amana ce. Wanda ya ɗauko hoton guguwar wata ƙasa ya ce ta garinsu ce, ko ya ƙara wa hazo duhu don a yaba masa, shaidar zur ya yi, ko da bai tsaya gaban alƙali ba. An ce gani ya kori ji, shi ya sa ƙaryar hoto ta fi ta baki saurin karɓuwa da wuyar gogewa. Haka nan mutumin da ke cikin hoto ba itace ba ne, ba tudun rairayi ba ne. Almajirin da ya duƙunƙune a gindin bango yana da iyaye, yana da suna, gobe kuma zai zama magidanci, hotonsa yana nan yana yawo. Al'adar da ta hana shiga gida ba sallama ba za ta yarda a shiga talaucin mutum ba izini ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: hoton da mai ɗauka zai ji kunyar nuna wa wanda ke ciki, bai kamata ya nuna wa duniya shi ba. Wanda kuma ya tsaya ya daidaita kyamara a kan yaron da ke rawar ɗari, ya rigaya ya gani. Ba zai ƙara cewa bai sani ba, taimako ya hau kansa gwargwadon ƙarfinsa.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna iya mai da wannan sha'awa taska. Ya isa a zaɓi gawo guda a bakin gari, itacen da ke riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, a riƙa ɗaukar sa daga wuri guda kowace Janairu, a rubuta rana da sa'a, a haɗa da abin da tsofaffi suka faɗa game da ɗarin bana da na bara. Bayan shekara 20, idan gardama ta tashi kan ko hunturu ya sake hali, ƴaƴan Gidan Amumune ba sai sun jira wani ya zo daga nesa ya gaya musu yadda garinsu yake ba.