Katangar Marayu Aikin Bayin Allah Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, idan ɓarayi suka haura gidan marayu cikin dare suka kwashe buhunan hatsi da shinkafar sadaka, asarar ba ta tsaya ga abinci ba. Yaron da ya farka ya ga baƙo da adda a tsakar gida, barci ya ƙaurace masa ke nan. Ba shi da uban da zai ruga wajensa. Uban da ya rage masa shi ne jama'ar Musulmi.

A cikin Suratul Kahfi, aya ta 77 da ta 82, Allah Ya ba da labarin Annabi Musa da Sayyidina Halliru. Sun shiga wani gari da mutanensa suka ƙi ba su abinci, amma Halliru ya tarar da katanga tana shirin faɗuwa, ya tayar da ita ba tare da neman lada ba. Daga baya ya bayyana dalili: katangar ta wasu marayu biyu ce, dukiyarsu na ƙarƙashinta, ubansu kuma salihi ne. Bawan da aka ba ilimi daga wajen Allah, ga shi yana aikin magini domin marayu. Muridin da ke neman kusanci ya dubi wannan da kyau.

Wani zai ce Allah ne Mai tsaro, a bar Masa. Gaskiya ne, amma Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta, sannan ya dogara ga Allah. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓoɓi.

Saboda haka a kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarmomi. A ƙara tsawon katanga, a sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai ƙwari a ɗakin ajiya, a kafa fitilun sola. Mai gadi a biya shi haƙƙinsa kan lokaci, don mai yunwa ba ya tsaron rumbu. Ƴan'uwan zawiya kuma su raba kwanan sintiri tsakaninsu bayan wazifa, muƙaddami ya tsara.

Sannan akwai ɓarawon da katanga ba ta hana shi: wanda aka damƙa wa makulli. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin dukiyar maraya da zalunci gargaɗi da wuta. A rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, a gaban amintattu biyu.

Wanda ya yi satar kuwa, ƙofar tuba a buɗe take, sharaɗinta mayar da haƙƙi.

Allah Ya tsare marayu, Ya sanya natsuwa a zukatansu, Ya saka wa masu kula da su da maƙwabtakar Annabi a Aljanna. Amin.