Tsoro Rashin Bangaskiya Ne?

Karatu: Ezra 8:21-23, Nehemiya 2:7-9



Na girma ban iya tuƙin mota ba. Sai a shekara ta 2023, ina da shekara 44, na sami permi. Daga nan nakan kewaya cikin Maraɗi kawai, daga gida zuwa majami'a, daga majami'a zuwa kasuwa. A watan Disamba na 2024 aka sa ranar auren ƙanwar matata a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Yara suka yi ta murna, suna cewa wannan karon Baba ne zai kai mu. Ni kuwa kwana uku ban yi barcin kirki ba. In na rufe ido sai in ga manyan motoci suna tahowa, in tuna rai huɗu ne za su zauna tare da ni, matata da 'ya'yanmu uku.

Na faɗa wa wani ɗan'uwa damuwata. Ya ce, "Haba Fasto! Kai da kake yi mana wa'azin bangaskiya? Shiga mota kawai, Allah yana nan." Kunya ta kama ni. Da yamma na je wurin wani dattijon ikilisiyarmu wanda ya tsufa yana tuƙa babbar mota. Shi kuma ya ce, "Ɗana, direban da ba ya tsoron hanya, shi ni nake tsoro."

To, wane ne ke da gaskiya cikinsu? Mai bi da ya ji tsoro ya yi zunubi ne?

Na koma ga Littafi Mai Tsarki, na tarar da mutum biyu da suka yi tafiya mai haɗari zuwa Urushalima a zamanin sarki ɗaya, wato Artashate na Farisa. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, domin ya riga ya shaida masa cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Sai ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa, suka yi azumi, suka roƙi kariya domin kansu da 'ya'yansu da kayansu. Bayan shekara 13, Nehemiya ya roƙi wasiƙu daga wurin sarki, ya kuma tafi da rakiyar sojoji da mahayan dawakai. Dukansu biyu sun san akwai haɗari, ba su kuwa ɓoye ba. Littafin bai zargi Nehemiya da ƙarancin bangaskiya ba. Ezra ma da ya gama azumi, ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa amintattun mutane kafin su tashi. Addu'arsu ba ta hana su shiri ba.

Saboda haka na yi kamar Nehemiya, na kai mota wurin makanike ya duba birki da tayoyi da mai da ruwa. Na haɗa takarduna domin jandarmomi. Na yanke shawara ba zan yi tuƙin dare ba. Sa'an nan na yi kamar Ezra, na tara iyalina muka durƙusa. Gari na wayewa muka kama hanya.

Mun wuce Tsibiri da Gidan Rumji da Madawa lafiya, ko da yake tafin hannuna sai gumi yake yi. Gwajin ya zo bayan Galmi. Muka tarar da wata babbar mota cike da buhunan albasa tana tafiya kamar hawainiya. Ba na iya hango abin da ke gabanta. Motoci biyu suka taru a bayana suna danna mini hon. Ɗana na fari ya ce, "Baba, wuce shi mana, dariya suke mana." Na ji ƙafata tana neman taka mai. Matata ta yi magana a hankali, ta ce, "Maigida, ba da su muka fito ba." Na dawo cikin hankalina, na matsa gefe, na bar su suka wuce. Na bi motar albasan nan har hanya ta miƙe, na ga fili sarai, sa'an nan na wuce ta.

A wurin na gane tsoro biyu nake ɗauke da su tun daga gida. Ɗaya tsoron kada in jawo wa iyalina hasara, shi ne ya kai ni wurin makanike. Ɗayan kuma tsoron bakin mutane, kada a ce fasto matsoraci ne, kada ɗana ya raina ni. Shi ne ya kusa jefa mu gaban abin da ban gani ba. Karin Magana 29:25 ta kwatanta irin wannan tsoro da tarko. Mu tuna kuma Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali domin ya nuna Allah yana tare da shi, Yesu kuwa ya ƙi gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Ganganci yakan sa rigar bangaskiya ya ruɗi masu bi da yawa.

Amma ɗan'uwan nan ma yana da tasa gaskiya. Da na biye wa tsoro har ƙarshe, da na ajiye mota na ce ba ni da lafiya, da na yi ƙarya kuma na koya wa 'ya'yana gudun kowane abu mai wuya. Tsoro kamar yaron mota ne. Aikinsa ya buga ƙarfe ya ce a yi hankali, direba mai hikima kuwa yakan saurare shi. Ranar da aka ba shi sitiyari, ko dai motar ba za ta tashi ba, ko kuwa ta faɗa rami.

Muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi, rana ta yi sanyi muna Dosso. Yamai saura wajen kilomita 140, yara suna so mu ƙarasa, amma na riƙe alkawarina, muka kwana wurin 'yan'uwa. Washegari da hantsi muka shiga Yamai.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wataƙila taka tafiyar ba ta mota ba ce. Wataƙila aure ne, ko sabon aiki, ko zuwa asibiti a auna ka, ko neman gafarar wanda ka ɓata wa rai. Kada ka ji kunyar faɗa wa Ubangiji kana jin tsoro. Tambayi kanka, wannan tsoro me yake so in yi? In shiri yake nema, yi shirin. In yana so ka yi ƙarya, ko ka gudu daga hakkinka, ko ka yi ganganci domin idon mutane, ƙi shi, ka tashi da sunan Yesu.

Addu'a: Ya Uba, ka san zuciyarmu da rawar jikinmu. Ba mu hikima mu rarrabe tsoron da ke kiyaye rai da wanda ke kai ga tarko. Ka kiyaye dukan matafiya da iyalansu, ka kai su gida lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.