AJIYA TSAKANIN MIJI DA MATA: HIKIMA CE KO CIN AMANA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurta tsuntsu a sararin sama da kifi a ƙarƙashin ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata ƙara ce da wani magidanci ya kawo mini bayan sallar La'asar a sansanin Sayam Forage. Ya ce: "Allah gafarta Malam, shekara biyu muna fama da babu, ashe uwar 'ya'yana tana da jikka talatin ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwati. Sai ranar da masassara ta kayar da yaronmu ta fito da su. Yaro ya tashi, alhamdu lillahi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin wannan ba cin amana ba ne?" Da aka kira matar, daga bayan asabari ta amsa da kalma kaɗan: "Malam, da ya san da su, da ba su kai ranar nan ba."

Kowannensu yana da hujja, saboda haka na ga ya dace mu duba mas'alar tare.

Ku sani, an buɗe sansanin Sayam Forage a watan Disamba na 2014, arewa da garin Diffa, domin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Damasak da sauran garuruwan Barno. Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana fataucin tattasai da kifi. Cinikin tattasai bai dawo ba sai 2017, na kifi kuwa sai 2019. A waɗannan shekaru mazajen da suka saba ciyar da gida da noman bakin Komadugu da sun kifi a tafkin Cadi suka wayi gari hannu wofi, gidaje da yawa kuwa suka rayu da ƙosai, da saƙar tabarma, da 'yar akuyar matan gida. Daga nan gardamar kuɗi ta shiga ɗakunan da ba su san ta ba.

TAMBAYA TA FARKO: SHIN AJIYA TANA WARWARE TAWAKKALI?

Wasu suna cewa wanda ya tsaga baki ba zai hana shi abinci ba, don haka tanadin gobe rashin yarda da Allah ne. Farkon maganar gaskiya ne, amma ƙarshenta kuskure ne. A cikin Suratu Yusuf, Annabin Allah ne da kansa ya umurci mutanen Masar su bar hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa domin shekara bakwai na fari. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banun Nadir, alhali shi ne shugaban masu tawakkali. Aya ta 67 a Suratul Furƙan kuma ta yabi bayin Allah da cewa a wajen ciyarwa suna bin tsakiya, tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Abin zargi shi ne tarin da ya hana zakka, ya hana haƙƙin iyali da maƙwabci. Amma ajiya, kamar yadda Hausawa suka ce, maganin wata rana ce.

Mu mutanen kwarin Komadugu mun fi kowa bukatar wannan darasi, domin kuɗin tattasai sau ɗaya suke zuwa a shekara. Sau nawa muka ga mutum ya sayar da buhunansa, ya ƙara aure, ya yi bikin kece raini, kafin ruwan farko ya sauka yana neman rancen taki da man injin ban-ruwa?

TAMBAYA TA BIYU: KUƊIN WA NE?

Shari'a ba ta narkar da dukiyar mata cikin ta miji ba. Sadakinta, da gadonta, da ribar sana'arta, nata ne ita kaɗai, kuma aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta halatta wa miji ci daga sadaki ne kawai idan ita ta bayar da daɗin rai. Ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyan miji gwargwadon ikonsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, ko da matar ta fi shi wadata. Har a zakka ba a haɗa dukiyarsu: kowa da nisabinsa, kowa ya fitar da ɗaya cikin 40 na kuɗinsa idan shekara ta zagayo. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, iyakar ikon miji shi ne ya hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. Wannan kariya ce ga dukiyar, bai zama izinin ya sa hannu a cikinta ba.

Saboda haka na ce wa mai ƙara: idan jikka talatin ɗin nan daga ƙosanta suka fito, ba ta ci amanarka ba, domin mutum ba ya satar abinsa. Da a ce daga kuɗin cefane take tsakura alhali yara suna kwana da yunwa, to da hukuncin ya sauya, domin wannan amana ce aka ba ta.

TAMBAYA TA UKU: TO, ƁOYEWAR FA?

A nan ne zancen ya yi nauyi, domin abu yakan halatta amma ya nuna akwai ciwo a gida. Mace ba ta ƙulle tsumma saboda mijin da ta amince da hannunsa. Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan, Manzon Allah (S.A.W.) ya yarje mata ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa al'ada, ko da mijin bai sani ba. Ashe halin miji yakan zama sanadin ɓoyon mata. Ya kai ɗan'uwana, kafin ka tambaye ta dalilin ɓoyewa, tambayi kanka: rancen da ka karɓa a hannunta bara, ka biya? Ranar da ka sayar da tattasai, ka gaya mata nawa ka samu?

Ke kuma 'yar'uwata, shari'a ta ba ki haƙƙi, amma ihsani yana sama da haƙƙi. Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da su, ta tambaya game da ciyar da mijinta matalauci da marayun da ke hannunta, aka yi mata bushara da lada biyu: na zumunci da na sadaka. Ki ga mijinki yana zubar da mutuncinsa a ƙofar mai kanti saboda tiya ɗaya ta gero, alhali kina da halin rufa masa asiri, wannan ba ɗabi'ar mata salihai ba ce.

Ɓoyo yana da wata illa kuma. Mun ga gudun dare, mun ga ambaliyar Komadugu a 2019 da 2022. Dukiyar da mutum ɗaya kaɗai ya san maɓoyarta takan mutu tare da shi, marayu su tashi ba su san an bar musu kome ba. Kuɗin takarda ma ba su da alkawari. Dattawa suna tuna watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, yara ma sun ga ƙuncin canjin takardun naira a farkon 2023 da faɗuwar da ta biyo baya.

NASIHA

Na ɗaya: idan kuɗin kaka suka shigo, miji ya zauna da iyalinsa, a fara cire hatsin shekara, da iri, da taki, da kuɗin magani, kafin a yi zancen biki. Mai mata fiye da ɗaya ya yi adalci a wannan zama.

Na biyu: a yi asusun gida wanda duka biyu suka sani, kowa kuma ya riƙe nasa cikin mutunci. Gida biyu maganin gobara.

Na uku: rance tsakanin miji da mata rance ne. A rubuta shi ko a kafa shaida, bisa koyarwar aya ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a biya.

Na huɗu: kada a tara ajiya wuri ɗaya. Wani sashe ya zama akuya ko tunkiya, wani hatsi, wani adashi. Adashin da kowa yake ɗaukar daidai abin da ya zuba, mafi yawan malamai sun halatta shi. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya rufa wa gidaje da yawa asiri, sai dai a kiyayi sanya ƙari a kan rance, domin riba ce.

Na biyar: wanda yake da dalilin ɓoyewa, ya sanar da amintacce guda daga danginsa, saboda mutuwa ba ta sallama.

Mutanen nan biyu sun tashi a kan sulhu: shi ya ɗauki kuɗin maganin a matsayin bashi a wuyansa, ita kuma ta yafe masa rabi nan take. Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a cikin kaɗan ɗinmu, Ya daidaita tsakanin ma'aurata, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da Nijar da Nijeriya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.