Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Mukan ji wannan magana a bakin uwar da ta gaji da ɗanta mashayi, ko matar da ta sallama wa zafin zuciyar maigidanta. Mukan kuma ji ta daga mai laifin kansa, sa'ad da ya ce, "Haka Allah ya yi ni." To, idan sabo ya ɗaure mutum har ba ya iya barin abin da ya san yana hallaka shi, laifinsa ne? Akwai kuwa mafita? Amsar da muka bayar ita za ta nuna yadda za mu yi da 'ya'yanmu, da maƙwabtanmu, da kanmu.

Mu fara da duban bakin tsohuwar rijiya. Za mu ga zane mai zurfi a jikin itace ko dutsen da aka girka a wurin. Igiyar guga ce ta yi shi, ko da yake ita laushi gare ta. Jan farko bai bar alama ba, na ɗari ma da ƙyar a gani, amma yau duk wanda ya zura guga, igiyarsa cikin zanen nan take faɗawa ba tare da ya nufa ba. Haka sabo yake. Yawancin abin da muke yi daga asuba zuwa dare ba ma tsayawa mu yi shawara a kansa: irin gaisuwar da muke yi wa na gida, inda ƙafa take kai mu bayan an tashi daga aiki, abin da hannu yake fara ɗauka da farkawa, kalmar da take fita in an taka mu. Igiya ce take bin zanenta.

Masanan dā sun lura da wannan. Aristotal, masanin ƙasar Girka wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar cewa ba a haifar mutum da nagartar hali a shirye. Ana samun ta ne ta wurin maimaita aikin kirki, kamar yadda ɗan maƙeri yake koyon ƙira a gindin maƙera. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bi wannan sawu, ya bayyana nagarta a matsayin kyakkyawan sabo da ya zauna a rai. Ashe sabo ba abokin gaba ba ne. Mai gaskiyar da ya saba da gaskiya ba ya kokawa da zuciyarsa kowace safiya kafin ya ba da mudu cikakke.

Waliyyi Agustin na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya nuna ɗaya gefen. A littafin tarihin tubansa, wanda ya rubuta wajen shekara ta 400, ya kwatanta mugun sabo da sarƙa: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, sha'awar da aka bi ta zama sabo, sabon da ba a tsayayya masa ba ya zama tilas. Ya kuma ba da labarin mahaifiyarsa, Waliyya Monika. Tana yarinya iyayenta sukan aike ta ta ɗebo ruwan inabi. Da fari taɓa leɓe kawai take yi, kullum tana ɗan ƙarawa, har ta kai ga shanye kusan ƙoƙo cike. Ranar da suka yi faɗa da wata baiwar gidan, baiwar ta yi mata gori, ta kira ta mashayiya. Maganar ta soke ta, ta ga kanta yadda take, ta daina.

Daga nan amsar tambayarmu ta farko ta fito. Gaskiya ne, sabo mai ƙarfi yana rage 'yancin mutum, shi ya sa bai dace mu yi saurin yanke wa mashayin burkutu ko na ƙwaya hukunci ba. Amma alhakin bai gushe ba, yana can baya, a ranakun da abin yake ƙarami, aka ce ai wannan ba kome ba ne. Yana kuma nan yau, a kan ko mutum zai nemi taimako ko zai ƙi.

Batun mafita kuwa, mu dubi Matt Talbot, wani lebura na birnin Dublin a ƙasar Ailan. An haife shi a 1856, ya fara shan giya yana ɗan shekara kamar 12, har ya kai yana jinginar da takalmansa don ya sha. A 1884 ya ɗauki alkawarin barin giya, amma na wata 3 kaɗai da farko, daga baya ya ƙara, sa'an nan ya ɗauka na har mutuwa. Ya daina yawo da kuɗi a aljihu, ya cika lokutan da ya saba zaman shan giya da addu'a da karatu. Bai sake sha ba har ya rasu a 1925, shekara 41 ke nan. Tsohon zanen bai shafu dare ɗaya ba. Sabon zane ya yi ta ja a gefensa har igiya ta koma can.

Binciken zamani ma ya goyi bayan haƙurin nan. A 2009 masana a wata jami'ar London sun bi diddigin mutum 96 masu ƙoƙarin koyon sabon hali. Suka ga a tsakaice yakan ɗauki kwana 66 kafin abin ya zama jiki, ga wasu kuwa ya fi wata 8. Sun kuma ga kuskuren rana ɗaya ba ya rushe aikin. Saboda haka wanda ya faɗi kada ya fid da zuciya, ya tashi ya ci gaba.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro abin da ya gani yake ɗauka fiye da abin da aka faɗa masa. Mu manya kuwa, kowa ya zaɓi hali guda ɗaya da yake cutar gidansa, ko gulma ce, ko ashar, ko cin bashi ba biya. Ya lura da lokaci da wurin da abin yakan same shi, ya sāke hanya, ya sa wani aikin kirki a gurbinsa, ya kuma gaya wa amintacce wanda zai riƙa tambayarsa. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa yana zamewa, ya faɗa masa gaskiya tun da wuri, cikin ƙauna, ba da gori ba. Ubangiji ya ba mu ƙarfin fara wannan aiki yau, da haƙurin ci gaba da shi gobe.