LAIMA TANA BAYANSA

Ɗan'uwa mai karatu, ka tara iyalinka ku ji wannan labari. Gaskiya ne, ya faru a ƙasar Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai wani saurayi sunansa Jon Magi. An haife shi a ƙasar Sin a 1922, inda ubansa yake aikin bishara. Da yaƙi ya tashi sai ya shiga sojan sama na Kanada, ya zama matuƙin jirgin yaƙi da ake kira Spitfire. A watan Nuwamba 1941 ya shiga faɗa a sararin Faransa, ya komo lafiya.

Ran 11 ga Disamba 1941 ba yaƙi ya tafi ba. Horo ne kurum, irin na kullum. Yana saukowa ta cikin gajimare sai ya yi karo da wani jirgi na masu koyon tuƙi. Wani manomi yana ƙasa yana kallo. Ya ga saurayin yana kokawa da murfin jirgi har ya buɗe, ya yi tsalle. Laimar sauka tana ɗaure a bayansa, amma ƙasa ta riga ta yi kusa, ba ta sami zarafin buɗewa ba. Ya mutu yana da shekara 19. Na ɗaya jirgin shi ma ya mutu.

Ka lura, laimar ba ta da aibi. Lokaci ne ya ƙure.

Da yawa a cikinmu haka muke da bishara. Tana gidanmu tun muna ƙanana. Baba dattijon ikilisiya ne, inna tana zumuntar mata, Littafi Mai Tsarki yana rataye cikin jaka. Sai mutum ya ce, bari in gama girbi tukuna, bari in yi aure, in na tsufa na tuba. Wa ya yi maka alkawarin tsufa? A Luka sura 12 Ubangiji Yesu ya ba da misalin manomin da ya shirya gina manyan rumbuna, a daren nan kuwa aka karɓi ransa.

Bangaskiyar ubanka ba za ta ɗauke ka ba. Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku, kai da kanka yake kira.

Kafin ka kwanta yau, ka durƙusa ka faɗa masa zunubinka, ka roƙe shi ya cece ka. Gobe da safe ka je wurin pasto ko mai bishara na garinku ka gaya masa abin da ka yi.