Tsakanin Gyara da Rufe Aibi

Daga cikin mas'alolin da ake zaton ba su kai a kai su gaban malamai ba, akwai ta bakaniken da aka kawo wa mota tana ɗigar da man giya, ya duba ya tarar gasket ɗin da ke tsakanin akwatin giya da murfinsa ya gaji, sa'an nan ya tsaya yana shawarar irin gam ɗin da zai shafa. Alhali kuwa cikin wannan 'yar shawara akwai ilmi, akwai amana, akwai kuma hisabi.

Amma ta fuskar ilmi, masu sana'ar sun san ba kowane gam ke jure man giya ba, domin silikon na gama-gari yakan yi laushi ya saki idan ya daɗe cikin mai da zafi, shi ya sa aka yi wani musamman domin wannan wuri, aka kuma yi wanda ba ya daskarewa sai an matse shi tsakanin ƙarfe biyu, inda iska ba ta shiga. Sun san cewa wanda ya lafta gam fiye da kima, rarar da ta tsattsafo ta ciki takan ɓalle ta bi mai, ta toshe matata da ƙananan hanyoyin giya mai sauya kanta, har ɓarnar ta fi yoyon farko. Sau da yawa ma illar daga wani wuri take: ko an ɗaure noti har bakin murfi ya lanƙwashe, ko kafar da akwatin ke shaƙar iska ta toshe.

Ta fuskar shari'a kuwa, fuƙaha'u sun ambaci ɓoye aibin haja da sunan tadlisi, suka ba mai saye zaɓin mayarwa, kuma Imamu Malik ya tafi a kan cewa mai sana'a yana lamunin kayan da suka salwanta a hannunsa, saboda maslahar jama'a. Ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya kuwa zargi mai shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. To, ina ga wanda ya shafe bakin murfi ta waje, ba tare da ya kwance ya wanke ya bari gam ya kama ba, don kawai mota ta bar gareji a bushe?

Mai yiwuwa a ce talaka ba kullum yake da kuɗin sabon gasket ba, kuma wannan gaskiya ne. Faci halal ne, wani lokaci ma jinƙai ne. Sharaɗinsa ɗaya, wato bayani: bakanike ya ce, "Alhaji, wannan na wucin gadi ne, ka riƙa duba mai, ka dawo mu sake." Da wannan kalima aikin ya fita daga algus ya shiga nasiha, ko da gam ɗin bai canza ba, domin mai mota ya ɗauki kasadar da saninsa da yardarsa, yarda kuwa ita ce asalin halaccin kowane ciniki.